Sunan da ba ki taɓa kira ba

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa da ladabi daga ɗanki na fari da ke karatu a Dakar, zuwa makwancinki a Dakoro. Ina fatan kin same shi a yalwace.

Na san da kina raye aka ce ga takarda daga wurina, tashi za ki yi ki shige madafa, ki bar Baba da mai karantawa. Yau ba ki da wurin gudu, sai ki yi haƙuri ki saurare ni.

Inna, hankalina ya ƙi kwanciya. In an tashi daga karatu a lakwal ba na iya wucewa gida. Sai in bi bakin teku in yi ta yawo kamar akuyar da ta tsinke igiya, har sai yunwa ta koro ni. Ba wanda ya yi mini laifi. Wata magana ce ta tsaya mini a wuya.

Da na iso, ɗakunan kwana na lakwal sun cika, sai darakta, shugaban makarantar, ya damƙa ni a gidan wani ma'aikacin jirgin ƙasa. Matarsa Kumba ce ke riƙe da gidan. Yaranta suna ce mata Yay, wato uwa a harshensu. Mace ce mai murya, in ta kwaɗa kira har maƙwabta sai sun waiwaya. Tun ranar farko ta kama sunana ta yi ta yayatawa, Isufu zo, Isufu zauna. Ni kuwa sai in rasa inda zan sa kaina, don ke ba ki taɓa furta shi ba. “Yaron can” kike cewa, kina kallon wani wuri.

Cin abincinsu ma abin kallo ne. Babban kwano guda, shinkafa da kifi, maza da mata da yara kowa ya sa hannu. Kumba ke gutsura kifin tana turo wa kowa gabansa. Ni da ban taɓa ganin kin kai loma baki ba, ina zan iya? Sai in ɗan taɓa, in ce na ƙoshi, in tashi cikina yana kuka. A ganina ladabi nake yi. Ashe a wurinta ƙyamar girkinta nake, har ta ce wa mijinta ya mai da ni inda ya ɗauko ni. Darakta ya ce babu gado, in na rasa masauki sai dai a sa ni a jirgin sama in koma gida. Ranar na zauna na ci, kunya kamar ta kashe ni, ita kuwa tana dariya tana ƙara turo mini.

Kin tuna ranar da na hau kamiyo, babbar motar nan, zan bar gida? Kowa ya fito rakiya, ke kina bakin turmi, ko ɗaga kai ba ki yi ba. Na tafi da haushinki, ba zan ɓoye miki ba. Sai da muka kai garin Kornaka na buɗe jaka, na tarar da cuku da ƙuli-ƙuli a ɗaure cikin kallabinki na zuwa biki. Kallabin yana nan cikin akwatina, ban wanke shi ba.

Da waya ta zo cewa kin rasu, Kumba ba ta tambaye ni komai ba, fuskata kawai ta duba. Ta zauna kusa da ni, ta kira sunana a hankali, abin da ban san muryarta tana iyawa ba. Ta ce daga yau in riƙa ce mata Yay.

Maganar ke nan, Inna. Damina ta wuce, bakina ya ƙi. Ina ganin yadda take jira duk lokacin da na gaishe ta, ina ganin yadda fuskarta ke canzawa in na ce Madam. Ina son matar nan, ta riƙe ni da gaskiya. Amma duk sanda na buɗe baki sai in ga kamar na tsinke zaren da ya rage tsakanina da ke. Ita tana turo mini kifi a idon kowa, ke kika ɓoye mini cuku a ƙasan jaka. Na daɗe kafin in gane abu guda kuke yi.

Gobe in na je gaishe ta zan faɗa. Na san ba za ki ce kin yarda ba, ba halinki ba ne. Shirunki zan ɗauka, kamar yadda na saba.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya saka wa Kumba da alheri. Ya haɗa mu a Aljanna, inda nake fatan ba a kunyar ɗan fari. In mun gamu, Inna, ki dube ni ki kira sunana ko sau ɗaya ne, in ji yadda yake a bakinki.

Naki,
Yaron can