Layi Biyu a Direban Yaya

Litinin, 3 ga Maris

Ta sake mutuwa. Kwamfutar gwajin da ke kusurwar ofis ta daskare da rana tsaka, fuskarta ta cika da farin rubutu, sannan ta kunna kanta. Ba ƙaramar manhaja ce ta faɗi ba, kanel ne da kansa, wanda komai ke tsaye a kansa. Kuma kullum layin ƙarshe direban katin sadarwarmu yake nunawa, wato manhajar da ke tuƙa katin a cikin kwamfuta. Direban da Yaya ya rubuta, wanda aka miƙa mini bayan rasuwarsa, wai ni ce ƙanwarsa, ni na san hannunsa.

Oga ya ce masu sayen katin sun gaji. In wata ya ƙare ba gyara, za a watsar da direban ɗungurungum a ɗauko na wasu. Bango yake kallo da yana faɗa.

Laraba, 5 ga Maris

Katin ne ke da matsala, ba kod ɗin da Yaya ya rubuta ba. Haka na gaya wa Dogo mai gwaji. Ya ce, "To, Injiniya," da muryar lallashin mara lafiya. Saura kaɗan in jefe shi da kofin shayi.

Alhamis, 6 ga Maris

Yaya da neman magana. Saƙonnin da direba ke fitarwa, maimakon ya rubuta su yadda kowa ke yi, nasa zancen ya zuba. In kati ya tashi sai ka ga "to, mu je." In aka zare kebul, "ina zuwa." Da muryarsa nake karanta su, na kasa hana kunnena.

Yau "ina zuwa" ya fito, kwamfutar ta ɗauke. Na waiga bayana. Kujerarsa ce kawai, da rigar da ya rataye wadda har yau ba wanda ya yi ƙarfin halin ɗaukewa. Tsoro na ji, tsoro sosai, ga mutane cike da ofis.

Asabar, 8 ga Maris

Inna ta tambaya, "Aikin Yayanki yana nan yana tafiya?" Na ce lafiya lau.

Talata, 11 ga Maris

Na canja kati bayan kati, sabo fil daga kwali. Duk mutuwa ɗaya suke yi. Dogo ya tattara kwalayen yana kallona ta wutsiyar ido. Gara ma ya yi maganar.

Alhamis, 13 ga Maris

Yanzu ina iya kashe ta duk lokacin da na so. In na cika katin da kayan saƙonni sai na fizge kebul, shi ke nan. Ya kamata in yi murna, an samu bakin zaren. Amma duk fizga sai Yaya ya ce yana zuwa, fanka ta yi shiru, ta sake ɗaukar numfashi, ya ce "to, mu je." Wuni guda ina kashe shi ina tayarwa. Ban iya cin abincin rana ba.

Litinin, 17 ga Maris

Na gani. Da ma ban gani ba.

Layi biyu ne a cikin direban aka sa na gaba a baya. In kebul ya fita, direba yana sakin wurin da kati ke zuba kayansa a memori, ma'ajiyar kwamfuta, sannan ya ce wa katin tsaya. A wannan ɗan tsakanin katin bai san an tashe shi ba. Yana ci gaba da rubutu a ɗakin da aka riga aka ba wani, har ya tattake abin da ba nasa ba, kanel ya kife.

Na duba wanda ya taɓa layukan, ina fatan in ga sunan kowa, ko da nawa ne. Nasa ne. Kwanan watan kuma satin da ya fara cewa kansa na sara masa.

Na rufe komai na tafi banɗaki na daɗe.

Talata, 18 ga Maris

Na juya layukan. Na fizgi kebul har hannuna ya gaji, ba ta mutu ba. Dogo ya ce barka.

Laraba, 19 ga Maris

Ga inda gizo ke saƙar. A sana'armu ba a aika gyara haka kawai. Dole ka rubuta wane canji ne ya kawo ɓarnar, lambarsa da mai shi, ya tafi dandalin da duniya ke karantawa, ya zauna har abada. Ni kuwa na rubuta wani zance mai kewaye-kewaye, wai matsalar lokaci ce tsakanin kati da direba, ban sa lamba ko suna ba.

Oga ya dawo mini da shi. Ya ce ba don tozarci ake yi ba, masu tsohon direba ta wannan lambar da sunan kaɗai gyaran zai same su, in babu shi kwamfutocinsu za su ci gaba da faɗuwa. Ya ce, "Da yana nan, da hannunsa zai rubuta."

Na ce, "Ai ba ya nan, Oga. Ba zai iya kare kansa ba."

Mutumin da ya koya mini riƙe maus ɗin kwamfuta. Ni ce zan tsaya a bainar jama'a in nuna shi da yatsa?

Juma'a, 21 ga Maris

Na rubuta sunansa. Na aika kafin zuciyata ta canja.

Na manta manhajar aikawa tana tura kwafi ga duk wanda aka ambata. Ban ko tashi daga kujera ba Inna ta kira. Ashe wayar Yaya tana gefen gadonta, kullum a caji, ban taɓa sani ba. Ta ce, "Wayar Yayanki ta yi ƙara. Na duba, sunanki na gani. Me kika ce masa?"

Asabar, 22 ga Maris

Na je na zauna a bakin gadonta na karanta mata, na fassara iya yadda zan iya. Ina jira ta ce na ci amanarsa.

Ta ce, "Wato ya naɗe tabarma baƙi ba su tashi ba."

Na ce haka ne, Inna.

"Halinsa ne. Gaggawa. Yaron da ke fita makaranta da takalmi ƙafa ɗaya nasa, ɗaya naki." Muka yi dariya har ta koma kuka, ban san wa ya fara ba. Ta tambaya ko ya gyaru, na ce ya gyaru. Ta miƙa hannu ta zare cajin da kanta, ta sa wayar a durowa. Ta ce in tashi in ɗora mana ruwan zafi.

Talata, 25 ga Maris

An karɓi gyaran. Direban zai zauna.

Ina dube-dube na ci karo da wani kuskuren nasa, ɗan ƙarami. Na ce, "Kai Yaya, Allah ya jiƙanka, wannan kuma mene ne?" Sai da addu'ar ta fita na lura ban taɓa faɗin haka da bakina ba. Suɓutar baki ce kawai. Na gyara, na sa sunansa, na aika.