Ragon Kawu da Rumman ɗin Inna

Gwandu, daren Talata, ƙarshen Fabrairu

Aikin farko: ban ruwa.

Sanyi ya fara sauƙi, jiya na datse wa rumman busassun rassa, na zuba taki. Yau Kawu Bello ya zo daga Kalgo da ragon sunan jikarsa, ya ɗaure shi a jikin rumman ɗin da marigayiya Inna ta dasa. Kafin azahar ragon ya gaigaye ɓawon.

Na nuna masa, ya ce, "Haba ɗana, icce ne fa, ba mutum ba!"

Maganar nan ke cina. Ko laifina ne da ban yi shinge ba? A'a, igiya ba ta ɗaure kanta.

Gobe:
- shafa wa raunin laka
- saro ƙaya
- zuwa suna, amma ba zan ci naman ba