Allurar da Ya Kasa Faɗin Sunanta

Maman 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara. Aiki a sabon shagon kafintocin alhamdulillahi, mai shagon mutumin kirki ne. Na samu ciki da falo, tagar tana kallon titi. Sai dai ku ɗan jinkirta tahowa, bangon bai sha fenti ba tukuna. Ki gaida kowa.

Mijinki

*

Baban 'yan biyu,

Wa alaikumus salam. Fenti? Ni za ka gaya wa fenti? Ɗakinmu na farko ko ƙyaure babu, labule muka rataya, kana kafinta guda! Rubutunka ma ya kwanta kamar na mai zazzaɓi. Tsakaninka da Allah, ka samu likitan da zai ci gaba da yi maka allurarka a can? Rabonka da ita tun kafin ka tafi, yau wata uku. In kuwa gajiya ka yi da ni, shi ma ka faɗa. Ina kewarka, kuma ba na jin nauyin rubutawa. Ka huta lafiya.

Matarka

*

Maman 'yan biyu,

Gaisuwa mai yawa. Subhanallahi, in gaji da ke? Kin dai kama ni, ban samu ba.

Asibiti uku na je. A na farko, mai ba da kati ta tambaye ni abin da ke tafe da ni, ga layi a bayana har bakin ƙofa. Na yi ƙasa da murya na ce allurar ƙarfin maza nake nema. Ta danne dariya ta ce, "Baba, irin wannan ai masu talla a bakin tasha ke sayarwa." Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. A na biyu na ce ciwon baya, aka ba ni man shafawa. Na uku kuwa, daga bakin ƙofa na juyo.

Sai yanzu na lura, shekara shida ana yi mini allurar nan, ban taɓa faɗin sunanta ba. Ke ce mai riƙe kati, ke ce mai bayani, ni nawa in kwanta a yi.

Jiki ya mutu. Katako ɗaya sai na ajiye zarto sau uku. Zufa tana karyo mini ba dalili. Jiya na daka wa abokin aikina tsawa a kan ƙusa ɗaya, daga baya na rasa inda zan sa kaina. Ba na son ku zo ku tarar da ni haka. Ki yafe mini.

Mijinki

*

Baban 'yan biyu,

Na gaishe ka, na kuma yafe, amma sai da na yi kukana. Haba! Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi.

Sunanta testostiron. Ka yi ta maimaitawa kana aiki har bakinka ya saba. Na je wurin tsohon likitanka, takardarsa tana cikin ambulan ɗin nan. Ya ce ka nemi babban asibiti, ka tambayi likitan sinadaran jiki, ka je da sassafe domin za su fara ɗibar jini. Ka ce musu an cire maka maraina saboda ciwon ƙari, jikinka ba ya yin sinadarin da kansa. Ina abin kunya a nan? Tiyatar nan ita ta bar mana kai da rai.

Ni da na zauna a bakin gadonka kwana goma sha ɗaya, wane hali ne kuma ya rage da za ka ɓoye mini? Kayanmu a ɗaure suke, kai kaɗai nake jira. Allah ya ba ka lafiya.

Matarka

*

Maman 'yan biyu,

Salam. Na je. Likitar mace ce, sa'ar ƙanwarki. Takardar tana aljihuna, amma sai da na faɗa da bakina kafin in miƙa. Sau biyu harshena ya sarƙe. Ba ta yi dariya ba, kujera ta ja mini. An ɗebi jini, ta ce in dawo Alhamis.

Ta tambaye ni wa ke kula da ni a gida, na ce tana hanya. Kar ki sa in zama maƙaryaci. Ku taho.

Mijinki