Wa'adin Rancen Gidanmu Ya Cika, Ƙanena Yana So Ya Zare Hannu

Zuwa ga Odette,

Don Allah ki taimaka mini da shawara, kaina ya ɗaure. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina gogewa. Yanzu ma a cikin mota nake rubutawa, ina jiran a tashi daga makaranta.

Shekarata hamsin da uku, motar 'yan makaranta nake tuƙawa a nan Sudbury, ƙasar Kanada. Shekara biyar da suka wuce Babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, bayan ya ƙarar da ƙarfinsa a ramin haƙar ma'adinai. Mamanmu ta riga ta rasu. Gidan hayar da yake ciki duk matakala ne, sai ni da ƙanena Lorne muka ci rancen banki muka sayi ƙaramin gida marar bene, sunanmu mu biyu a takarda. Ni na tare da Baba. Lorne yana can nesa a lardin Alberta yana aikin mai, yana turo dala ɗari shida duk wata, kuma bai taɓa saɓawa ba. Wannan kam zan shaide shi ko a ina.

A lokacin kuɗin ruwa ya faɗi warwas, muka tsayar da shi na shekara biyar a ƙasa da kashi biyu cikin ɗari. Na ga kamar ranar ƙarewarsa ba za ta zo ba. To ga ta nan, saura mako bakwai. Banki sun aiko takarda in sa hannu a kan wata shekara biyar, ruwan kusan kashi biyar. Abin da muke biya a wata zai ƙaru da kusan dala ɗari biyar. Albashina kuwa yana nan inda yake, da rani ma idan an yi hutu babu shi.

Ranar Lahadi na kira Lorne. Ya yi ta kewaye-kewaye, hirar wasan hoki na kan ƙanƙara, hirar sanyin bana, can dai ya fito da abin da ke bakinsa. Matarsa na da ciki, suna neman gidan kansu, banki sun ce muddin sunansa na kan wannan rancen ba za su ba shi abin kirki ba. Ya ce ko dai in cire sunansa, ko mu ɗauki ruwa mai hawa da sauka, don tarar fita daga cikinsa kaɗan ce, duk ranar da muka so sayar da gidan sai mu sayar. Na tambaye shi wace rana ce wannan. Na ce masa ya faɗa mana, ranar da za a binne Baba ko ranar da za a kai shi gidan kula da tsofaffi? Ya ce, "Haba Yaya, ke ma kin san ba haka nake nufi ba." Na kashe wayar.

Abin da ban gaya wa kowa ba, Odette, ni na riga shi yin wannan tunanin. Kullum na dawo daga zagayen kai yara makaranta da safe sai in yi wa Baba wanka, in ba shi abinci, in kwasa in koma zagayen yamma. Bayana ciwo yake. Rabona da kwana a wani gari tun kafin mu sayi gidan. Idan na dubi takardar nan, ba kuɗin nake gani ba, wata shekara biyar nake gani irin wadda ta wuce, in fito ina da hamsin da takwas. Sai kunya ta kama ni, don tsohon nan bai taɓa gajiya da mu ba.

Ashe Baba ya ji wayar. Maganarsa ba ta fita sosai yanzu, amma washegari ina goge masa baki ya riƙe mini hannu ya ce, "Kada ki sa hannu saboda ni." Na yi kamar ban gane ba, na tambaye shi ko zai ƙara shayi.

Ban iya lissafin nan ba, kuma na gaji da tunani. In sa hannu kawai in huta?

Mai Motar Makaranta, Sudbury

Amsa:

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Kada ki sa hannu a takardar nan tukuna. Farashin farko da banki ke aikowa ba kasafai yake zama na ƙarshe ba, sun san akwai masu sa hannu don gajiya kawai. Cikin makon nan ki nemi dillalin rancen gida ya binciko miki abin da wasu ke bayarwa, sannan ki koma wa bankinki da shi a rubuce. Mako bakwai ya isa, amma ba shi da rarar da za a ɓata.

Batun cire sunan Lorne, ki sani cewa za a sake duba albashinki ke kaɗai, kuma da wuya ya ɗauki rancen. Ki sa dillalin ya gwada lissafin kafin ku ƙara yin faɗa a kan abin da watakila ba zai yiwu ba. Ruwa mai hawa da sauka kuwa, gaskiyar Lorne ce, tarar fitarsa ta fi sauƙi. Amma ya fi dacewa da wanda aljihunsa zai jure ƙari, naki kuma ba shi da wurin miƙewa. Shekara biyar ma ba dole ba ce. Akwai tsayayyen ruwa na shekara biyu ko uku: kin san abin da za ki biya, Lorne kuma ya san ranar da zai samu kansa. Ki tambaya ko za a iya tsawaita shekarun biya don biyan kowane wata ya ragu. Za ki biya fiye a ƙarshe, amma za ki samu numfashi yanzu. Ko wanne kika ɗauka, a rubuta miki tarar fita da lambobi kafin ki yarda.

Ƙaninki ba azzalumi ba ne. Wata sittin yana turo kuɗi, yanzu ga haihuwa a gabansa, yana da hakkin ya tambayi iyakar abin. Ke ma kina da naki, don kuɗi yake turowa, ke kuwa jikinki kike bayarwa. Ki kira shi, ki gaya masa abin da kika gaya mini, har da cewa kin gaji. Ina zaton bai taɓa jin haka daga bakinki ba. Idan zai zauna a takardar shekara biyu, ya kuma riƙa zuwa yana karɓar ki ko da mako ɗaya ne a shekara.

Gajiya ba butulci ba ce. Ki nemi hukumar kula da marasa lafiya a gida su turo miki masu zuwa taimako, ki kuma tambayi yadda layin jiran gurbi a gidan tsofaffi yake. Tambaya ba kora ba ce.

Abu mafi wuya na bar miki a ƙarshe. Babanki ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya yi miki magana, kika ba shi shayi. Jikinsa ne ya shanye, hankalinsa yana nan, kuma zamansa ake yanke wa hukunci. Ki koma ki zauna kusa da shi, ki ce kin ji abin da ya faɗa, ki tambaye shi me yake so. Ki ba shi lokaci ya gama maganarsa ko da za ta ɗauki awa guda. Watakila ya daɗe yana jiran wani ya tambaye shi.

Allah ya ba shi sauƙi, ya sauki matar Lorne lafiya, ke kuma ya hutar da ke.

Odette