Ba Ni Na Jefo Ɗanki Daga Jirgi Ba

Silver Spring, Maryland
14 ga Oktoba

Zuwa ga Yayata Pauline,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da dukan mutanen gida a Zonkwa. Allah ya ƙara wa Mama sauƙin ciwon gwiwa. Mu nan mun gode Allah. Matata Rachel tana fama da aikinta na asibiti, 'yarmu Olive ta shiga aji shida, har yanzu in an yi mata Hausa da Turanci take amsawa. Ɗanki Desmond kuma an sallame shi daga asibiti, yana ɗakinmu na baƙi da ƙarfe a cinya. Likita ya ce zai taka ƙafar nan da wata uku.

Takarda na zaɓa, na ba wata 'yar garinmu Constance da za ta zo gida, don in na kira ki a waya zan faɗi abin da zan yi da-na-sani. Na ji saƙon muryar da kika sa a zauren danginmu na waya, inda kika ce ni na ɗauki ɗanki na jefo shi daga jirgi, wai na mai da gwada Allah abin wasa. Mutum fiye da arba'in suka saurara, har da Mama. Ko kirana ba ki yi ba ki ji daga bakina. Yaya, raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yau bai huce ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina durowa daga jirgin sama da laima, sau ɗari tara da 'yan kai, ko targaɗe ban taɓa yi ba. Ban ce babu haɗari ba, akwai shi, shi ya sa ba ma fafe gora ranar tafiya. Laima biyu muke goyawa, ta biyun ta ko-ta-kwana ce, kuma duk wata shida sai ƙwararre mai lasisi ya warware ta ya sake naɗewa. Akwai wata na'ura da ke buɗe ta da kanta ko da mutum ya suma. Kafin in hau jirgi sai na bi kowace igiya da hannuna, sannan wani ya sake duba ni. Sau nawa na yi tuƙin awa biyu zuwa filinmu a Virginia, na ga iska ta yi ƙarfi, na sha shayina na juyo gida? Waɗanda suka tsufa a wannan wasa su ne suka iya cewa yau ba za su hau ba.

Laifina guda ne, kuma na ɗauka: ni na fara kai Desmond ya gani. Amma Desmond ba yaro ba ne, shekararsa ashirin da bakwai. Da ya yi tsalle saba'in kacal, sai ya zo mini wai yana son ƙaramar laima irin ta gwanaye. Ki sani, ƙaramar laima gudu gare ta, ba ta yafe kuskure. Na ce masa ni kaina sai da na wuce ɗari biyar na taɓa irinta. Mai kula da filinmu ma ya hana shi. Ya ce mini, “Na ji, Kawu.” Ashe ya saya a ɓoye a hannun wani, ya ɗauki littafin da muke rubuta kowane tsalle ya cika shi da na ƙarya har ɗari uku, ya tafi wani fili a wata jiha inda ba wanda ya san shi. Ya zo sauka, saura kaɗan ya taɓa ƙasa, sai ya karya kwana da ƙarfi don a gan shi. Abin da nake hana shi ke nan tun ranar farko. An duba laimar daga baya, ko zare ɗaya bai tsinke ba. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Ina coci aka kira ni. Awa huɗu na yi a kan hanya ban san ko gawa zan tarar ba. Da ya farfaɗo, ya riƙe hannuna yana kuka, ya roƙe ni kada in gaya miki yadda aka yi. Na rufa masa asiri sati uku, ina yi masa wanka da hannuna, Rachel tana ba shi magani, ke kuma kina can kina yayata ni. Shi yana kwance yana jin saƙon naki, bai ce uffan ba. Wannan shirun nasa ya fi maganarki ƙona mini rai.

To, na gama rufawa. Na gaya masa ranar Lahadi bayan sujada zan miƙa masa waya ya faɗa miki da bakinsa. In kin ji, ki koma zauren nan da kika ɓata ni ki gyara, Mama tana ji. Ba na neman ki ba ni haƙuri. Ɗanki ɗana ne, zan yi jinyarsa har ya miƙe. Amma ba zai sake goya laima da yardata ba sai ya koma ajin 'yan koyo, ya tsaya gaban mai kula da filinmu ya faɗi ƙaryar da ya yi. In ya ƙi, ya nemi wani wasan.

Ki gaishe mini da Mama, ki karanta mata wannan takarda duka, kada ki tsallake layi. Ki gaida maigidanki Baba Raymond, da Diana da yaranta. Rachel da Olive suna gaisuwa. Allah ya tsare mu duka.

Ni ne ƙaninki, da fushina da zumuncina,
Katung