Zaren Damtsen Mufida

Aliero, Litinin

Yaya Yalwa,

Bayan sallama da gaisuwa, ki gaida Inna, ki ce ɗanta mai firamare uku da rabi yana nan da rai.

Sati uku ke nan da na kawo muku Mufida yaye, tana wata goma sha uku. Kin san dalili: uwarta Zinatu ta samu ciki, ni kuma na kafe kan nonon mai ciki guba ne. Malamar asibiti ta ce a ci gaba da ba ta. Na ce ita littafi ta karanta, ni manomi na karanta albasa.

Ga zare cikin takardar nan, shi ya sa ban buga waya ba. Ranar da na kawo ta na zagaya damtsenta da shi, na ƙulla. Ki sake gwadawa, ki yi naki ƙullin, ki ba Sagir direba. Ba ni ke damuwa ba, Zinatu ce. Ni tuwo kawai na daina ci.

Ƙanenki,
Labbo

Mungadi, Alhamis

Labbo,

Wa alaikumus salam. Inna na amsawa.

Ga zarenka. Ƙullina bai kai naka ba, saura faɗin yatsa. Kunu ture shi take, ga zawo kwana huɗu. A da tana miƙewa jikin turmi, yanzu sai zama. Inna ta ce kewar uwa ce, kada in faɗa maka. Na faɗa.

Ka huta lafiya.
Yalwa

Aliero, Juma'a

Yaya,

Gaisuwa da girmamawa. Na ja zaren nan har ya kusa tsinkewa, ƙulli biyun sun ƙi haɗuwa.

Na nuna wa Zinatu. Da ma zagina ta yi, da na samu sauƙi. Sai kawai ta fara ɗaure kaya. Ashe kullum tatsewa take a ɓoye, kada nonon ya ƙafe. Sati uku ina gidan nan, ni mai gida, ban sani ba.

Gobe za ta shigo motar farko. Don Allah ki raka su asibitin Maiyama. In Inna ta yi faɗa, ki ce likitan albasa ya janye maganarsa.

Yaya, Mufida za ta kama nonon kuwa?

Allah ya bar zumunci.
Labbo

Mungadi, Lahadi

Labbo,

Sallama. Mun je asibiti, sun ba da magani, sun ce a haɗa nono da abinci, a koma bayan sati. Ɗiyarka ta kau da kai har la'asar, kamar ba ta san uwar ba. Sannan ta kama.

Zaren na wurina, ban sake ƙullawa ba tukuna. Zinatu ta ce ka ci tuwo.

Wassalam.
Yalwa