Furen Martha

Lahadi, 12 ga Yuni, 2011

Furen da matata Martha ta shuka a bakin ƙofa ya buɗe. Ita ba ta gani ba. A watan Mayu muka binne ta.

Filoks ake ce masa, irin mai shekara ɗaya. Kunnuwa biyar a kan siririn bututu, tsakiyar fari, ganyen da gashi mai danƙo. Na san wannan tun ina koyar da ilimin tsirrai a Zariya. Yanzu tukwanen shuka nake wankewa a wani lambu a Beltsville, nan ƙasar waje, yaran da na girme wa suna kirana da sunana tsirara. Kambai, kawo wancan.

Litinin, 4 ga Yuli

Kowace safiya ina bi da almakashinta ina yanke duk wanda ya yi yaushi. Muddin bai yi iri ba, zai ci gaba da fure. Tsiron bai san yaudararsa nake yi ba.

Asabar, 20 ga Agusta

'Yata Constance ta zo daga Woodbridge. Na yi mata Hausa, ta amsa da Turanci, wai na rame, in koma wurinsu. Na ce wa zai kula da furen uwarki?

Talata, 6 ga Satumba

Maƙwabciyarmu Memunatu, 'yar Kumasi, ta tsaya a shinge. Wai Martha ta yi mata alkawarin iri.

"Baba, ko ɗan kaɗan ne."

Na ce babu. Na rufe ƙofa.

Babu ɗin gaskiya ne. Ko ƙwaya ɗaya ban bari ta nuna ba. Sanyin farko zai kashe shi har saiwa, kuma ba ya dawowa. Ana sayar da irin a kanti, na sani. Ba hannun Martha ya taɓa wancan ba.

Alhamis, 8 ga Satumba

Na fita da almakashi. Na dawo da shi ban yanke ko ɗaya ba.

Asabar, 24 ga Satumba

Tsiron ya yi muni. Furen na zubewa, ba sabo.

Lahadi, 9 ga Oktoba

Ƙwanson irin ya bushe. Idan ya fashe, nesa yake cilla 'ya'yansa, don haka na yanka tsohon ɗankwalin Martha na ɗaure kawunan.

Ƙulli ɗaya na Memunatu ne, don ta daina damuna. Na kira Constance na tambaye ta ko bayan gidansu na samun rana. Tambaya ce kawai.